Akwatin Tambaya: Masu fitowa daga ɗakin rawa da asuba a Harlem

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan Maraɗi ne, ina tuƙin tasi a Niyok, aikin dare nake yi. Sau da yawa da asuba, ina shirin ajiye mota in tafi masallaci, sai in ɗauki wasu matasa a bakin wani ɗakin taro. Sun ci ado na ban mamaki. Wani namiji ne da shigar mata, wani kuma kwat da jakar ofis kamar manajan banki, ga kofin gasa mai tsawo da ƙyar yake shiga mota. Ina jin suna ce wa wani "uwa" alhali muryarsa ta fi tawa kauri, suna cewa "gidanmu ya ci". Ba su taɓa yi mini rashin kunya ba, kuɗina ma har da ƙari suke ba ni, amma na kasa tambayarsu. Addini ne, ko ƙungiyar asiri, ko wasa?
Direban tasi, Bronx

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba, Allah ya tsare hanya. Ba addini ba ne, ba kuma ƙungiyar asiri ba ce. Gasa ce ta ado da tafiya da rawa, su suna ce mata "ball", kuma ta girmi kakanka a wannan birni. Masu yinta yawanci baƙaƙen Amurka ne da 'yan asalin Puerto Rico da maƙwabtanta. Gara in faɗa maka kai tsaye, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi: akasarinsu maza ne masu neman jinsinsu, da waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata. A nan zan kira kowa yadda mutanensa ke kiransa, don kada labarin ya rikice.

Tun a shekarun 1880 akwai wani mutum a Washinton, William Dorsey Swann, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Maryland, yana tara abokansa a ɓoye su sa rigunan siliki na mata su yi rawa. 'Yan sanda sun fasa taronsa a 1888. A 1896 aka ɗaure shi wata 10, ya nemi afuwar shugaba Grover Cleveland, aka hana shi. A Harlem kuwa, unguwar baƙaƙe da ke Niyok, wata ƙungiyar zumunci ta baƙaƙe mai suna Hamilton Lodge ta fara bikin ɓad da kama na shekara-shekara tun 1869. Zuwa shekarun 1920 da 1930, lokacin da baƙaƙe ke kwararowa daga kudancin ƙasar suna gudun wariya da kisan gilla, bikin ya zama abin da ake ɗokin zuwansa. Dubban mutane ke cika ɗakin Rockland Palace da ke titi na 155. Manyan unguwa da matansu na aure su sayi kujerun bene, su zauna suna leƙen na ƙasa, jaridun baƙaƙe kuma su buga wa ya sa me. Ka riƙe wannan, don har yau bai canza sosai ba: jama'a na son kallon, amma a wancan lokaci wanda ya ci kofin da dare, in ya fito titi da rigar nan, a hannun 'yan sanda zai wayi gari. Dokar da ake kama su da ita ma tsohuwa ce ta 1845, wadda aka yi saboda manoman jihar Niyok da ke rufe fuska su tare masu karɓar kuɗin hayar gona. Sai a 2020 aka soke ta.

Wata matsalar kuma a cikin ɗakin take. Fararen fata ne suka fi yawa a teburin alƙalai, su ne kuma ke cinye kofi, har baƙar 'yar takara sai ta labta hoda ta yi haske kafin a dube ta. A 1967 aka yi babbar gasa ta ƙasa a ɗakin Town Hall na Manhattan. Crystal LaBeija, baƙa, ta zo ta huɗu. Ba ta tsaya an gama naɗa wata farar fata daga Philadelphia ba, ta sauka daga dandamali, ta je bayan fage ta zazzage wa mai shirya gasar kwandon magana a gaban kyamara, ta ce maguɗi ne. A farkon shekarun 1970 ita da ƙawarta Lottie suka shirya tasu gasar ta baƙaƙe a Harlem, suka sa mata sunan "gidan LaBeija". Wurin yana titi na 115, taku kaɗan daga kasuwar Malcolm Shabazz ta titi na 116 inda 'yan'uwanka mutanen Nijar suka saba sayar da atamfa da tsakiya. Daga nan gidaje suka yi ta fitowa: Dupree, Corey, Pendavis, Ebony, Ninja, da Xtravaganza wanda aka kafa a 1982 don 'yan asalin Latin Amurka. Wasu suka ari sunayen manyan teloli na Faransa, irin su Chanel da Saint Laurent, waɗanda ko ƙofar kantinsu ba a barinsu su tsaya.

To ga "uwa" da ka ji. Gida a wurinsu ba lallai ne ya zama gini ba. Suna ne da mutum zai ɗauka ya ɗora a kan nasa, da uwa, da uba, da 'yan'uwa. Dalilinsa kuwa ba ado ba ne. Yaro ɗan shekara 14 ko 15, iyayensa sun gano halinsa sun jefo masa kaya waje, ko dukan ya ishe shi ya gudu. Ya sauka a tashar motar Port Authority ba ya da kowa, ya ƙare a tsofaffin matsayar jiragen ruwa na bakin kogin Hudson, ƙarshen titin Christopher, inda irinsa ke kwana, da yawa suna sayar da jikinsu don abin da za su ci. Birnin kansa a 1975 saura ƙiris ya tsiyace, aka yanke kuɗin taimakon talakawa. Sai ƙanjamau daga 1981, sai hodar iblis mai arha ta shigo unguwannin baƙaƙe. Wani bincike na cibiyar Williams ta jami'ar Kalifoniya a 2012 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na matasan da ke zuwa wuraren taimakon marasa matsuguni irin waɗannan yara ne. Uwar gida irin wannan ita ce wadda ta riga su shan wuyar, ta samu ɗan ɗaki, ta shimfiɗa musu a ƙasa. Ta dafa shinkafa da wake, ta koya musu ɗinki da kwalliya, ta yi faɗa in yaro ya bar makaranta, ta raka shi asibiti. In ya mutu, dangi suka ƙi zuwa, ita ce a gaban gawa.

Angie Xtravaganza ta zama uwar gidansu tana budurwar shekaru, ta rasu a 1993 tana da shekara 28. A Disambar 1988 ita aka kira ta je ta shaida gawar 'yarta Venus, mai shekara 23, wadda aka samu an shaƙe an tura ƙarƙashin gado a wani otal. Har yau ba a hukunta kowa ba.

Lokacin da nake aikin tafinta a wani asibiti a birnin, wata nas abokiyar aikina tana kai teburin gwajin ƙanjamau wuraren gasar nan, don a can ne kawai za a samu yaran a tare. Wani dare na taya ta ɗaukar kaya. An rubuta ƙarfe 11 a takarda, ba a fara ba sai wajen uku. Al'ada ce tun da can, hayar ɗaki ta fi arha a wannan lokaci, wasu kuma sai sun tashi daga aikin dare. An bar dogon fili a tsakiya, gidaje sun zauna tebur-tebur a gefe, alƙalai a can ƙarshe, kofuna jere a bayansu. Sanƙiran taron na riƙe da makirfo, bakinsa ba ya hutawa, ya wasa wannan, ya yi wa wancan ba'a, ya kira rukuni. Rukunonin suna da yawa: kyan fuska, kyan jiki, tafiya irin ta masu tallan tufafi, kayan sawa na manyan kamfanoni, rawa. In ka fito, alƙalai su ɗaga maka goma-goma ka wuce zagaye na gaba, ko ɗaya daga ciki ya sare ka ka koma ka zauna. Waɗanda suka rage su kara da juna bibbiyu har a samu gwani.

Rukunin da ya tsaya mini a rai shi ne na mai kwat ɗin da ka ɗauka. Ana kiran ɗan makaranta, soja, ɗan daban unguwa, babban manaja. Sharaɗin shi ne a gan ka a ɗauka kai ɗin ne, babu alamar komai. Wani siririn yaro ya fito da kwat mai ruwan toka da tabarau, yana duba agogo kamar wanda jirgi zai bari. Wata alƙaliya ta tsayar da shi, ta juya wuyan kwat ta duba tambari, ta duba takalmi ko an goge, sannan ta ce ya buɗe jaka. Abokin karawarsa da ya buɗe tasa, wayam, aka sare shi nan take, ɗaki ya ɗauki ihu. Shi kuwa a tasa akwai jaridar 'yan kasuwa ta ranar a naɗe, da alƙalami, da takardun lissafi, da tikitin jirgi. Ya ci. Nas ɗin ta raɗa mini cewa wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci, kuma a falon uwarsu yake kwana.

Dorian Corey, ɗaya daga cikin tsofaffin iyayen, ta taɓa bayyana abin da ke nan: baƙar fata irinsu ba za a ba shi kujerar manaja ba, don haka a ɗakin gasa yake nuna cewa da an ba shi dama zai iya, tunda ga shi ya yi kama. Akwai kuma ɓangaren da ya fi wannan ɗaci. Wanda ya iya tafiya kamar kowane saurayin unguwa, ko wadda ta iya wucewa a matsayin mace ba wanda ya waiwayo, shi ne zai hau jirgin ƙasa da dare ya isa gida ba a fasa masa baki ba. Abin da ake ba wa kofi a ciki, a waje da shi ake tsira.

Marubuciya bell hooks, ita ma baƙar Amurka, ta soki abin a 1992. Ta ce ba tawaye ba ne, bautar farar mace mai kuɗi ce, yara matalauta suna mafarkin zama matan attajiran da suke gani a talabijin. Ni ina ganin ta kama rabin gaskiya. Mafarkin kam na dukiyar fararen fata ne, ba musu. Amma ta yi kallo daga kujerar jami'a. Ba ta ba wa shinkafar da shimfiɗar muhimmancin da suka kamata ba, alhali su ne ke riƙe da yaran daga gasa zuwa gasa.

Kada kuma ka ɗauka waliyyai ne. Kayan tsadar nan, a da musamman, da yawa daga kanti aka ɗauke su ba a biya ba. Akwai karuwanci, akwai ƙwaya, akwai faɗa a kan kofi har da wuƙa, akwai iyayen da ke cin gumin 'ya'yan. Ita kanta Dorian Corey, da ta rasu a 1993, masu kwashe kayanta sun tarar da busasshiyar gawar wani mutum a naɗe cikin ɗakin ajiyar tufafinta, da harbin bindiga a ka, ta yi shekaru a wurin.

Kofin kuwa, kwantar da kujerar gaba, zai shiga.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Akwai wata rawa da muke gani a TikTok, ana zagaye fuska da hannu kamar ana ɗaukar hoto, sai kuma mutum ya faɗi ta baya daidai da bugun kiɗa. Ƙawayena a hostel suna koyo. Yayana ya ce rawar 'yan luwaɗin Amurka ce, har kalmomin da muke faɗa irin su "slay" da "shade" nasu ne. Ƙawata ta ce ƙarya ne, Madonna ce ta ƙirƙiro, Beyoncé ta sabunta. Wa ya fi gaskiya?
Ɗaliba, Samaru, Zariya

AMSA: 'Yata, yayanki ya fi kusa da gaskiya, ko da yake na san ba don ya ilimantar da ke ya faɗa ba. Karanta amsar da na ba Malam direba a sama, daga wannan ɗaki rawar ta fito.

Sunanta Vogue, sunan mujallar kayan ƙawa ta Amurka. Masu rawar suna kwaikwayon tsayuwar matan da ke cikin mujallar ne, hoto bayan hoto, a kan kiɗa. Wasu na danganta farkonta ga Paris Dupree, uwar gidan Dupree, wasu na cewa fursunonin gidan yarin Rikers ne suka fara. Abin da ya tabbata, rawar faɗa ce. Mutum biyu da ke jin haushin juna, maimakon dambe sai su fito fili, kowa ya nemi ya rufe ɗan'uwansa, ya kai hannu dab da fuskarsa ba tare da ya taɓa shi ba. Wanda ya taɓa ya sha kaye. Willi Ninja, wanda ya fi kowa fito da ita duniya, ya haɗa da abin da ya gani a zanen Fir'aunonin Masar da finafinan kunfu, daga baya har masu tallan tufafi yake koya wa tafiya. Wadda kuke gani a waya sabon salo ne da ya yi ƙarfi daga shekarun 1990, mai sassa biyar: wasan hannu, tafiyar yanga, tafiyar agwagwa a tsugune, birgima a ƙasa, sai juyi da faɗuwa. Faɗuwar nan ba faɗuwa ba ce. Ƙafa ɗaya ake naɗewa a sauka a kanta a hankali, baya bai kamata ya bugi ƙasa ba. Ki faɗa wa ƙawayenki simintin hostel ba ya da tausayi, kuma gwiwa ba a sayar da ita a kasuwar Samaru.

Maganar baki ma gasa ce a wurinsu, kuma hawa biyu ce. Akwai ba'ar gaba da gaba, a samo aibinka na gaskiya a ƙara masa gishiri har kai ma ka yi dariya. Akwai kuma gugar zana, wadda ita ce "shade" ɗin da kuke faɗa: ba zan ce miki mummuna ba, don kin riga kin sani. Wanda ba ya da ƙarfin dukan mai zaginsa a titi, harshe ya wasa.

Yanzu ga inda ƙawarki ta samo nata. A Maris 1990 Madonna ta fitar da waƙa mai sunan rawar, ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe sama da 30. Ta ɗauki matasa biyu daga gidan Xtravaganza, Jose Gutierez da Luis Camacho, suka tsara mata rawar, suka zaga duniya da ita. Wannan alheri ne gare su, ba a hana ta. Amma a cikin waƙar ta jero sunayen taurarin da take yabo, su Greta Garbo da Marilyn Monroe da Marlon Brando, duk fararen fata, ko mutum ɗaya na Harlem babu. A shekarar ce kuma fim ɗin Paris Is Burning na Jennie Livingston ya fito, wanda ta yi shekaru tana ɗauka a ɗakunan gasar. Ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Sundance na 1991, ya tara kusan dala miliyan 4, kuɗi mai yawa ga fim irinsa. Waɗanda ke ciki suka ce ina namu? Paris Dupree ta nemi dala miliyan 40. Lauyoyi suka nuna musu takardun da suka sa wa hannu tun farko, magana ta mutu. A ƙarshe kimanin dala 55,000 aka raba wa mutum 13. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita Livingston tana da hujjarta, ta ce ba a saba biyan mutanen da ke cikin fim na gaskiya ba, kuma ba don fim ɗin ba da an manta da su. Haka ne, har ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a 2016. Sai dai yayin ya wuce cikin shekara biyu ko uku, masu kuɗi suka koma wani abin, mutanen suka koma inda suke. Angie da Dorian sun rasu a 1993, Pepper LaBeija a 2003 bayan ciwon suga ya ci ƙafafunta, Willi Ninja a 2006 yana da shekara 45.

Zagaye na biyu shi ne wanda ya iso wayarki. Gasar talabijin ta RuPaul da ta fara a 2009 ta kwashi kalmominsu ta watsa wa duniya, ko da yake ita wasan dandamali ce ta masu shigar mata, ba tsarin gidaje ba, kuma mutanen gidajen ba sa son a haɗa su. Daga nan kalmomin suka bi intanet har Legas, har muka samu "slay queen" da ma'anar da masu ita ba su san da ita ba. A 2018 aka fara wasan kwaikwayon Pose, wanda ya ɗauki 'yan cikin harkar aiki a gaban kyamara da bayanta. A shekarar ce Kiddy Smile, ɗan gasar birnin Faris, ya yi wasa da masu rawarsa a harabar fadar shugaban Faransa, 'yan adawa suka yi ta kumfar baki. A 2020 aka fara gasar Legendary inda gidaje ke karawa a kan dala 100,000, aka dakatar da ita a 2022, aka ma cire ta daga manhajar da ke nuna ta. Beyoncé a kundinta na 2022 ta sa muryoyin mutanen wannan duniya irin su Kevin Aviance, kuma ta ambaci sunayensu. Wannan ya fi na 1990 mutunci, dole a faɗa.

Amma ki dubi abin da ya faru shekara ɗaya bayan nan. A 2023 jihar Tennessee ta yi dokar taƙaita wasan masu shigar mata a bainar jama'a, wasu jihohi suka bi sahu. Ƙasa ɗaya, kamfanoni na tallan takalmi da rawarsu, majalisu na neman hanyar rufe su. Su da suka fara da kwaikwayon masu kuɗin Amurka, yau masu kuɗin ne ke kwaikwayonsu, kuma har yanzu ana koro yara daga gida. Shi ya sa tun farkon shekarun 2000 aka samu ƙananan gidaje na 'yan ƙasa da shekara 25, da ake kira kiki, waɗanda suka taso a cibiyoyin kula da lafiyar matasa.

Ko za ki yi rawar ko ba za ki yi ba, wannan tsakaninki da tarbiyyar gidanku ne. Ki dai daina cewa ta Madonna ce.

TAMBAYA: Hajiya, na ga a fitowar da ta wuce kin ce za ki yi bayani a kan wasu mazan Amurka masu shigar mata. Me ya kai ki? Ai 'yan daudu ne, mun san su tun muna yara, ba sai an ɓata takarda ba. Kuma kin san abin da addini ya ce.
Dattijo, Fagge, Kano

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, na sani. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari a kan maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza, tun a Islamiyya aka karantar da mu. Dokar Najeriya ta 2014 da ta hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14, ita ma ba ɓoyayyiya ba ce. Ba fatawa nake bayarwa a shafin nan ba, tana da masu ita. Abin da ya kai ni shi ne wasiƙu biyun da ke sama. Ɗanmu yana ɗaukar mutanen a motarsa, jikokinka suna kwaikwayon rawarsu a waya. Gara su san abin da suke gani.

Cewa 'yan daudu ne kuwa, akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. Kamar ita ce: su ma 'yan daudu babba kan ɗauki ƙarami a matsayin 'ya, ya zama uwar ɗakinsa, ya koya masa sana'a, ya ba shi wurin kwana in gida ya gagare shi. Suna biki da gudummawa a tsakaninsu, suna kiran juna da sunan mata, kuma kowa ya san ba a ja da su a habaici. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 2009.

Bambancin ya fi yawa. Ɗan daudu sana'a gare shi da gari ya san da ita: tuwo da miya da soyayyar kaza a tasha da kasuwa, hidimar biki, a da kuma zaman gidajen mata masu zaman kansu da harkar bori. Riga da hula yake sawa ya fita, sai dai ya ɗaura zani a bakin murhu. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna sahun salla, wasu sun je Makka. Ba shi da wata gasa ta nuna zai iya zama manaja, don ba launin fatarsa aka duba aka hana shi ba. Na Harlem kuwa ƙofa biyu aka rufe musu, ta fararen fata saboda baƙi, ta iyayensu da cocinsu saboda hali, sai suka gina tasu duniyar da alƙalanta da taurarinta da tarihinta a ɗakin haya da tsakar dare. Namu sun rayu a gefen gari amma a cikinsa, ana cin abincinsu ana yi musu dariya a wasan kwaikwayo. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa a 2000 bukukuwansu suka ja baya, wasu suka bar garuruwansu, wasu suka yi shiru.

Abu ɗaya da nake so a daina faɗa shi ne wai Turawa ne suka kawo mana daudu ta talabijin. Kai da kanka ka ce kun san su tun kuna yara, lokacin da gidan da ke da rediyo ma a Fagge ana ƙirga shi. Haka su ma na Harlem ba daga wurinmu suka koya ba.

Takarda kuma, Baba, edita ne ke biya. In kana so wata mai zuwa mu koma kan tsadar taki ko rikicin gado, aiko da tambayar, zan sa taka a farko.